Wa Ya Isa Ya Duba Aikin Mai Ba Da Shawara?

Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo a Kamaru a 2013, da na Darussalam kusa da Baga Sola a Chadi a farkon 2015 bayan harin Baga, wata sabuwar sana'a, ta ba da shawara ga masu damuwa, ta shigo yankinmu ba tare da an yi mata shela ba. Malaman makaranta, ungozomomi, 'yan sa-kai da iyakar karatunsu sakandare, aka tara su aka ba su horon mako ɗaya ko biyu, aka ce su zauna da mutanen da tashin hankali ya ɗaiɗaita, su saurare su, su taimaka musu su sake kama zaren rayuwa. Rikicin Logon-Birni na 2021 ya ƙara musu aiki, ambaliyar 2022 da ta 2024 suka sake ƙarawa. Yau daga Mora zuwa Kuseri, daga Bol zuwa unguwannin Injamena, ba a rasa mai takardar shaidar halartar bita kan lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin jakarsa.

Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru da Chadi 'yan ƙalilan ne, kuma sanannun sassan kula da masu taɓin hankali na Kamaru suna asibitin Jamot a Yawunde da na Laquintinie a Duwala, tafiyar da bazawarar Kolofata ba za ta taɓa yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta rungumi wannan hanya tun 2008 da shirinta na mhGAP: a koya wa wanda ba ƙwararre ba abin da zai iya, don kada a bar jama'a da babu. Sai dai akwai sharaɗi a maƙale da tsarin, kuma shi ne ke fara faɗuwa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Sharaɗin shi ne duba aiki. Tsarin PM+ da hukumar ta fitar a 2016, wanda ake zama biyar na minti 90 da mai damuwa, bai yarda a horar da mutum a aji a sake shi ba. Sai ya fara gwadawa da mutane kaɗan ƙarƙashin idon gwani, kuma ko ya kama aiki sosai, ya ci gaba da zama da mai duba shi a kai a kai. Gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su duk haka suke: na Peshawar a Pakistan, na Nairobi, na kakannin nan na Zimbabwe da Dakta Dixon Chibanda ya zaunar a kan benci a harabar asibitoci, da na matan gabashin Kongo da aka yi wa fyaɗe wanda aka wallafa a 2013. Babu ɗaya a cikinsu da aka bar mai ba da shawara shi kaɗai. Wanda ya ɗauki horon ya yar da dubawar, ba tsarin da aka gwada yake yi ba, wani abu ne daban.

To, mene ne wannan dubawa? Da yawa a wurinmu idan an ce mai duba aiki, abin da ke faɗo musu a rai shi ne mutumin da ke zuwa da mota ya ƙirga takardu, ya tambayi mutum nawa aka gani a watan, ya sa hannu ya koma. Wannan shugabancin ofis ne, yana da nasa amfanin, amma ba shi ake nufi ba. Wanda ake nufi zama ne na musamman, da lokaci tsayayye, inda mai ba da shawara ke buɗe wa wanda ya fi shi gogewa abin da ya wakana tsakaninsa da mutanen da yake gani. Wata masaniya 'yar Ingila, Brigid Proctor, ta kasa aikin uku tun shekarun 1980, kuma har yau rabon nata ake bi: tsare ƙa'ida don kada a cuci mai neman taimako, ƙara wa ma'aikaci ƙwarewa, da tallafa masa don kada nauyin abin da yake ji ya karya shi.

A ɗauka wata yarinya ce mai shekara ashirin da 'yan kai, tana ganin wata dattijuwa da aka kashe mata miji da ɗa. A rahotonta ta rubuta cewa zama ya tafi lafiya. Shugaban ofis zai karanta ya wuce. Mai duba aiki kuwa za ta ce ta ba ta labarin zaman daga sallama. Ana cikin labarin sai ya fito cewa dattijuwar ta ce ita kam gara ta bi su.

"Ƙanwata, da ta faɗi haka, me kika ce mata?"

"Yaya, na ce ta yi haƙuri, Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba."

"Gaskiya kika faɗa. Amma kin tambaye ta ko tana tunanin yi wa kanta wani abu? Ko ta ajiye wani abu a ɗaka?"

"Wallahi na ji nauyi. Sa'ar mahaifiyata ce."

Nan ne aikin yake. Dole a koma wurin dattijuwar nan a yau, ba mako mai zuwa ba, a yi mata tambayar kai tsaye, a san wanda ke kwana kusa da ita. Kafin a koma, mai duba aikin za ta zauna a matsayin dattijuwar, ta sa yarinyar ta yi ta maimaita tambayar har ta sami lafazin da ba zai zama rashin kunya ba, wanda kuma ba zai zama kewaye-kewaye ba. Idan kuma ta lura idon yarinyar ya ciko, za ta tsaya ta ji ko ita ma harin nan ya ci wani nata, domin a yankinmu sau da yawa mai sauraro da wanda ake saurara gari ɗaya suka gudo. Duk ukun da Proctor ta lissafa sun auku cikin rabin sa'a. Kuma a lura, babu ɗaya da zai auku da yarinyar tana tsoron cewa wannan matar ce za ta yanke hukuncin sabunta kwantiraginta.

Wannan aiki ba kowa ke iya shi ba, kuma nan ne maganar shaida da ma'auni ta taso. An daɗe ana zaton duk wanda ya iya ba da shawara zai iya duba aikin wani, alhali abu biyu ne. Al'adar ta faro ne a cibiyar nazarin zuciya ta birnin Balin a Jamus da aka buɗe a 1920, inda sabon shiga ke kai wa babba labarin marasa lafiyarsa, amma sai a ƙarshen ƙarnin aka fara cewa shi kansa babban sai an koya masa dubawa, an kuma tantance shi.

Kowace ƙasa da inda ta sa nauyi. A Amurka akwai shaidar mai duba aiki da ake kira ACS, wadda cibiyar CCE ke bayarwa. Mai nema sai ya kasance da digiri na biyu a fannin, da lasisin aiki, da shekara biyar na gogewa bayan digirin waɗanda suka ƙunshi sa'o'i 4,000 na zama da masu neman taimako, da sa'o'i 45 na karatun dubawa kanta, da sa'o'i 100 da ya riga ya yi yana duba aikin wasu. Sannan ya rubuta takardar da zai riƙa miƙa wa duk wanda zai duba: ga iliminsa, ga salonsa, ga yadda zai auna shi, ga inda za a kai ƙara in ya yi ba daidai ba. Shaidar tana ƙarewa bayan shekara biyar sai an sabunta. A can, yawanci dubawar tilas ce kafin a sami lasisi, bayan nan mutum ya zama mai cin gashin kansa. Ingila ta bi wata hanya: ƙungiyar masu ba da shawara ta BACP tana neman wanda ta tantance ya riƙa zama da mai duba shi aƙalla sa'a ɗaya da rabi kowane wata, komai tsufansa a sana'a. Faransa, wadda yawancin masu karatunmu suka sha daga rijiyarta, ta tsare sunan masanin halayyar ɗan'adam da doka tun 1985, ta tsare na mai jinyar zuciya da dokar 2004 wadda aka fayyace a 2010, amma ba ta ware wa mai duba aiki wani matsayi na hukuma ba. A nahiyarmu, Kenya ta yi doka a 2014 da ta kafa hukumar yi wa masu ba da shawara rajista da ba su lasisi.

Ni a ganina, na Ingila ya fi kusa da buƙatarmu ta fuskar ɗorewa, na Amurka kuma akwai abu biyu masu daraja a cikinsa: cewa dubawa ilimi ce da ake koya, da takardar nan ta yarjejeniya. Amma ƙididdigar sa'o'insu ba za ta ɗauku zuwa nan ba. In aka ce sai mai digiri na biyu da shekara biyar zai duba aiki a Fotokol, an ce ke nan ba za a duba ba, ko kuma a duba daga Yawunde ta waya, da harshen da ba a yi zaman da shi ba. Bayan haka, sa'o'i ba sa nuna iyawa. Mutum na iya yin sa'o'i 4,000 yana katse mutane da wa'azi.

Muna da abin da ya fi wannan a al'adar karatunmu. Malamin zaure ba ya ba ka ijaza don ka daɗe kana zuwa. Sai ya ji karatunka da kunnensa, ya gyara, ya sake ji. Kuma ijazarsa tana da daraja ne domin an san wanda ya ba shi tasa. Abin da fagen nan ya dawo gare shi ke nan a 'yan shekarun nan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da EQUIP, tsarin auna iyawar masu taimako, wanda ya ginu a kan wani ma'auni da aka fara gwadawa a Nepal. Ana zaunar da ma'aikaci da wani da ke kwaikwayon mai damuwa, na minti goma ko sha biyar, mai tantancewa yana kallo yana aunawa: ya yi bayanin sirri da iyakarsa? Ya tambayi tunanin kashe kai? Ya zargi mutumin, ko ya yi masa alkawarin da ba zai cika ba? Matakin ƙasa a ma'aunin shi ne halin da ke iya cutarwa, kuma shi ake fara kawarwa. Gani ya kori ji. Haka nan cibiyar tallafin zuciya ta ƙungiyar Red Cross da ke Kopenhagen, tare da jami'ar Trinity ta Dublin, sun fitar da tsarin duba aiki mai suna IMS a 2021 musamman don wuraren da ake cikin rikici, kuma ɗaya daga ginshiƙansa shi ne a raba dubawa ta tallafi da shugabancin ofis duk inda hali ya yi.

Rabawar nan ba ƙawa ba ce. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1996 kan ɗalibai 108 ya gano kashi 97 cikin ɗari sun ɓoye wa mai duba su wani abu, har da kurakuransu. Wannan fa a ƙasar da ake yi wa malami gardama ido da ido ke nan. Ina ga mu, da aka rene mu a kan cewa ba a kallon idon babba, kuma albashin mutum ɗaya ke ciyar da gidaje uku? Ma'aikacin da ya san kuskurensa zai shiga takardar sallama ba zai faɗa ba har abada, wanda zai biya kuwa shi ne marar lafiyan da ba ya ɗakin. Saboda haka duk ma'aunin da za a kafa, ya kamata a gwada mai nema a kan wannan: a zaunar da shi da wanda zai kwaikwayi ma'aikacin da ya yi ɓarna, a ga ko zai iya gyara shi ba tare da ya ci mutuncinsa ba, ko kuma zai rufe ido don gudun ɓacin rai. Dukansu biyu faɗuwa ce.

Sai maganar harshe, wadda shaidar ƙasashen waje ba ta damu da ita ba domin ba matsalarsu ba ce. Zama ɗaya a Mayo-Sava ko gaɓar Tafkin Chadi na iya gudana da Hausa, Kanuri, Fulatanci, Larabcin Shuwa, Mandara ko Mafa, rahoton kuma a rubuta shi da Faransanci. Abin da ya isa ga mai dubawa taƙaitawa ce ta taƙaitawa. Ba ya jin inda aka yi shiru, ba ya jin inda mai ba da shawara ya yi saurin cewa "sai haƙuri" ya rufe maganar da ta fara buɗuwa. Don haka na fi yarda da gogaggiyar ma'aikaciyar jinya ko jami'ar walwala da ke jin harshen, aka koya mata dubawa aka kuma tantance ta, a kan mai babban digiri da sai da tafinta. Ƙwararren nan yana da wurinsa, amma a mataki na sama: shi zai duba masu dubawa, shi za a kira idan abu ya wuce ƙarfinsu. Akwai ma hujjar da ke ƙarfafa gwiwa daga jihar Goa ta Indiya, inda aka koya wa masu ba da shawara da ba ƙwararru ba su riƙa sauraron zaman junansu da aka naɗa suna aunawa da ma'auni ɗaya, kuma da tafiya ta yi tafiya makin da suke bayarwa ya matso kusa da na ƙwararru. Wato dubawar tsara da tsara tana yiwuwa, in akwai ma'auni a rubuce da babba a bayanta.

Sirri kuwa ya fi komai wuya a nan. A sansani ko ƙaramin gari, in ka ce "wata mata mai 'ya'ya huɗu da ta dawo daga hannun 'yan Boko Haram da goyo", rabin masu zaman bitar sun gane ta, wataƙila ɗaya ma surukarta ce. Dubawa a rukuni ita ce mai araha, ita aka fi yi, amma mai jagorantarta dole ya iya sauya bayanai yadda ba za a gane mutum ba, ya kuma san labarin da ba na rukuni ba ne sam. Ga kuma WhatsApp, wanda ya zama ofishin kowa saboda hanya ba tsaro ko ruwa ya cinye ta. Saƙon murya mai ɗauke da sunan mace da abin da aka yi mata, a wayar da miji da ƙanne ke ara, ya isa ya kashe aure ko ya jawo abin da ya fi haka. Mai duba aikin da bai kafa doka a kan wannan tun ranar farko ba, bai cancanci shaida ba komai iliminsa.

Dole kuma ya san iyakar magana. Farfaɗiya ba ta jin nasiha, magani take so. Mai haukan da ya fara jin muryoyi, ko yaron da tiramol ya ci ƙarfinsa, sai an haɗa da asibiti. Yawancin iyalai kuwa sun riga sun biya ta wurin malam ko fasto kafin su zo, kuma za su koma. Wanda zai duba aiki a ƙasar nan sai ya iya koya wa na ƙasa da shi yadda za su zauna da liman da girmamawa, a yarda a ci gaba da addu'a a kuma sha magani, sannan su tsaya kai da fata idan an zo ga ɗaure mutum da mari ko dukansa.

Saura tambayar wanda zai ba da shaidar. Abin da aka saba gani shi ne kowace ƙungiyar agaji ta naɗa nata mai dubawa da nata sharuɗɗa, wani lokaci don shi ya fi daɗewa, wani lokaci don shi ya fi iya rubuta rahoto. Shaidar da ƙungiya ta ba ma'aikacinta kuwa tana mutuwa ranar da aikin ya rufe. Ya kamata ta fito daga wurin da ba ya tashi. Jami'ar Marwa tana nan tun 2008, ta Garwa tun 2022, ga ta Ngaundere, ga ta Injamena a ƙetaren kogi. Ɗaya daga cikinsu, da haɗin hannun ofishin lafiya na jiha, na iya buɗe gajeren kwas na dubawa ga waɗanda suka riga suka yi shekaru suna aikin, a kammala shi da jarrabawar gani da ido, ba ta takarda kawai ba. A ba da shaida mai wa'adi, a rubuta a jikinta harsunan da mutum ke iya dubawa da su da irin tsarin da ya ƙware a kai, domin wanda ya iya duba PM+ ba lallai ya iya duba aikin yara ƙanana ba. A ajiye rajistar sunayen a ofishin lafiya na gunduma, da hanyar kai ƙara wadda ƙaramar ma'aikaciya za ta iya bi idan mai duba ta ya nemi ya yi amfani da matsayinsa a kanta, domin wannan ma yana faruwa a ko'ina cikin duniya, kuma ɗaki ne da mutum biyu kawai ke ciki.

Akwai masu cewa duk wannan zai zama wata sabuwar ƙofar cin kuɗi da fifita 'yan birni. Tsoron yana da tushe, shi ya sa nake nacewa a kan jarrabawar aiki maimakon tsawon digiri. Akwai kuma masu cewa binciken da ke nuna dubawa na ƙara wa marar lafiya sauƙi kai tsaye bai yi ƙarfi ba, kuma masana da kansu sun yarda da haka. Amma hujjar tawa ba a nan ta tsaya ba. Mun ɗauki matasa mun zaunar da su gaban labarin yanka da fyaɗe da yunwa, kullum, da horon kwana goma. Tun 1990 masana suka bayyana yadda jin irin wannan labari a kai a kai ke raunata mai sauraro shi ma: barci ya ƙaurace, zuciya ta bushe, ya fara gudun mutanen da ya zo taimaka. Barin su ba mai waiwayarsu zalunci ne a kansu kafin ma a zo ga waɗanda suke gani.

Kuma aikinsu ba ya ƙarewa da kwantiragi. Ranar da ƙungiya ta naɗe kayanta, mutanen unguwa ba su san an rufe ba. Za su ci gaba da sallama a ƙofar "malamar nan mai sauraro" da daddare, ita kuwa ba ta da lambar da za ta kira. Shi ya sa kuɗin dubawa bai kamata ya zauna a aljihun aiki mai wata goma sha biyu kawai ba. Abin da ake buƙata sananne ne: sa'o'in da aka ware wa mai dubawa aka rage masa wani aikin a madadinsu, kuɗin babur zuwa cibiyoyin ƙauye, katin waya, ɗaki mai ƙofa, da zama ɗaya a wata a Marwa ko Bol inda masu dubawar su ma za su kai nasu matsalolin gaban wanda ya fi su. Masu ba da tallafi su nemi a nuna musu wannan layi a kasafi kafin su sa hannu a kan kowace sabuwar bita, ofisoshin lafiya na gunduma kuma su karɓi rajistar tun ƙungiyoyin suna nan.